Ɗan ƙasa ne, amma ba ɗan ko'ina ba: takardar indijin da aikin gwamnati a Najeriya

Duk matashin da ya taɓa cike fom ɗin neman aikin soja, ko ɗan sanda, ko kwastan, ko wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, ya san akwai takarda ɗaya da ta fi digirinsa ƙarfi ranar tantancewa. Ita ce takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira indijin. Idan babu ita, fasfo ba ya fitar da mutum, katin ɗan ƙasa ba ya cetonsa, takardar haihuwa ma ba ta wadatar. Waɗancan duk shaida suke yi cewa mutum ɗan Najeriya ne. Indijin kuwa wata tambaya take amsawa daban: kakanka mutumin ina ne?

Mafi yawanmu ba mu jin nauyin wannan tambaya, domin inda aka haife mu nan aka binne kakanninmu. Mai unguwa ya san gidanku, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, ka biya 'yan kuɗi a sakatariya ka karɓi takardarka. Amma akwai ɗimbin 'yan Najeriya da wannan hanya a toshe take gare su. Jikan Bahaushen da ya je haƙar kuza a Jos tun zamanin Turawa, da jikan Inyamurin da ya zo Sabon Garin Kano da aikin jirgin ƙasa, da Tibin da aka haifa a Taraba, da Bahaushen Sabo a Ibadan, matsalarsu ɗaya ce. Garin da suka sani ya ce su baƙi ne, garin da aka ce nasu ne kuma bai san su ba.

Asalin abin ba a banza ya taso ba, kuma duk wanda zai yi adalci sai ya faɗi haka. A zamanin mulkin mallaka aikin gwamnati a rabe yake bisa launin fata, manyan muƙamai na Turawa, akawu da masinja na baƙar fata. Sai a 1948 aka kafa kwamiti ƙarƙashin wani babban jami'in mulkin mallaka, Hugh Foot, don duba yadda za a horar da 'yan ƙasa su hau manyan kujeru. Da Turawa suka fara tattara nasu ya nasu, sai wata matsala ta bayyana. Makarantun mishan sun daɗe da kafuwa a Kudu, Arewa kuwa an bar ta a baya a karatun boko, don haka masu takardar da za su gaji kujerun kusan duk 'yan Kudu ne. Wannan ya sa gwamnatin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin Jihar Arewa: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi za a ɗauka, in babu, a ɗauki Bature ko ɗan Kudu, amma a kan kwantiragi. A aikin soja ma an yi kaso, rabi na Arewa, rubu'i na Gabas, rubu'i na Yamma, kuma daga 1961 kason ya haɗa har da hafsoshi.

Abin lura a nan shi ne faɗin da kalmar ɗan Arewa take da shi a lokacin. Bayarben Kabba da Tibin Gboko da Babarbaren Borno duk a inuwa ɗaya suke. Sunday Awoniyi, mutumin Mopa, Kirista, ya yi aiki kusa da Sardauna, daga baya har ya shugabanci ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa, ACF.

Yadda mutane suka ɗauki maganar aikin gwamnati da zafi ya fito fili a 1966. Ranar 24 ga Mayu Janar Aguiyi-Ironsi ya fitar da dokar soja mai lamba 34, wadda ta rushe jihohi ta haɗe ma'aikatan gwamnati wuri guda. 'Yan Arewa suka fahimci cewa za a cika ofisoshinsu da waɗanda suka riga su karatu. Cikin 'yan kwanaki tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, aka kashe mutane da yawa, akasarinsu Inyamurai, ƙasa ta kama hanyar yaƙin basasa. Bayan yaƙin ne, a Oktoban 1975, Janar Murtala Muhammed ya yi wa kwamitin rubuta tsarin mulki jawabi inda ya kawo maganar cewa dole gwamnati ta nuna fuskar tarayyar ƙasar baki ɗaya. Tsarin mulkin 1979 ya ɗauki wannan manufa ta raba daidai, na 1999 ya gaje ta. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya don ta sa ido a kan aiwatarwa, da wata dokar sojan wadda ita ma lambarta 34.

Ni ina cikin masu ganin wannan manufa tana da hujja har gobe. Ƙasar da ke da ɗaruruwan ƙabilu ba za ta zauna lafiya ba idan sojojinta da alƙalanta da manyan sakatarorinta duk daga kusurwa ɗaya suka fito, ko da kuwa jarrabawa ce ta kawo su. Inda gizo ke saƙar shi ne ma'aunin da aka zaɓa don gane wane ne ɗan wace jiha.

Kundin tsarin mulkin 1999 yana magana da baki biyu. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama duk inda ya ga dama. Sashe na 42 ya haramta a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa. Sashe na 15 ma ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a ko'ina, har ya ce a ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Sai kuma sashe na 14(3) ya ce a raba muƙamai ta yadda 'yan wasu jihohi ko wata ƙabila ba za su mamaye ba, sashe na 147(3) ya ce kowace jiha a ba ta minista aƙalla ɗaya wanda dole ya zama ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya fassara zama ɗan jiha da cewa mahaifi ko mahaifiya ko ɗaya daga cikin kakanni ya fito daga al'ummar da ke da asali a jihar. Ba a faɗi daga wace shekara asali ke farawa ba. Kafin jihadin Shehu Usmanu ne, ko kafin zuwan Lugard, ko kafin 1960? Kundin ya yi shiru. Sashe na 15 mai daɗin ji kuwa yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana a kai gwamnati ƙara a kansa.

Wannan ɗaure zama ɗan ƙasa da asalin kakanni ya taɓa kai gwamnati ga abin kunya. A Janairun 1980 jami'an tsaro suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Chadi bisa cewa mahaifinsa mutumin can ne. Babbar kotu a Maiduguri ta tabbatar da cewa ɗan Najeriya ne, ta umarci a biya shi diyya. Idan zaɓaɓɓen ɗan majalisa zai gamu da haka, sai a auna halin talakan da ke zaune a bakin iyaka, wanda danginsa rabi suna Illela rabi suna Ƙonni.

Ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai sun fi kundin fitowa fili. A hedkwatar kowace ma'aikatar tarayya, 'yan asalin kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin 100 na ma'aikata, kada kuma su wuce kashi 3. Abuja tana da kashi 1. A rassan da ke jihohi, kashi 75 cikin 100 na ƙananan ma'aikata daga yankin za a ɗauka. Ma'ana jiha ce ma'auni, ba yawan jama'a ba. Kano mai ƙananan hukumomi 44 da mutum miliyan 9.4 a ƙidayar 2006, kasonta ɗaya da na Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 da mutum miliyan 1.7. Wannan wani zance ne mai zaman kansa. Wanda ya fi shafar maganarmu shi ne yadda ƙa'idojin suka bayyana ɗan asalin ƙaramar hukuma: wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan asalinta ne, ko wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin ɗan asali. Wannan jimla ta ƙarshe ita ta miƙa makomar mutane a hannun ciyamomi 774. Wanda ciyaman ya so ya ba shi, wanda ya ƙi ya hana shi, kuma ba wata sananniyar hanyar ɗaukaka ƙara.

Babu inda wannan iko ya yi ɓarna kamar Jos. Gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991. Hausawa da Fulanin garin, waɗanda ke kiran kansu Jasawa, suna da yawa a cikinta, kuma ɗansu ne ya ci zaɓen ciyaman na farko. Birom da Anaguta da Afizere suka ga an yanka musu ƙasa an ba wasu. A Afrilun 1994 aka naɗa Alhaji Aminu Mato shugaban riƙon ƙaramar hukumar, aka yi rikici. Bayan zaɓen 1999 sabon ciyaman ya daina ba Jasawa takardar indijin. A 2001 aka naɗa Alhaji Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci na NAPEP a ƙaramar hukumar, gari ya ɗauki zafi na makonni, ranar Juma'a 7 ga Satumba abin ya fashe. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum wajen 1,000 cikin ƙasa da mako guda. An fi ba da labarin a matsayin faɗan Musulmi da Kirista, kuma lallai addini ya shiga ciki, amma a duba a gani, sau biyu naɗin muƙamin gwamnati ne ya kunna wutar. Yaron da aka haifa a Gangare ko Dilimi, wanda kakansa ma a Jos aka haife shi, idan yana son shiga soja sai ya nemi wani kawu a Bauci ko Kano ko Jigawa ya tsaya masa ya samo takardar garin da wataƙila bai taɓa kwana a cikinsa ba. Wanda ba shi da irin wannan kawu, shi ke nan.

Mu masu jin zafin abin da ake yi wa 'yan'uwanmu a Filato, wajibi ne mu waiwayo gida. Turawa sun kafa Sabon Garin Kano wajen 1913 don su ware baƙi daga mutanen birni, kuma yau fiye da shekara 100 ke nan akwai iyalan da ba su san wani gida ba sai shi. 'Ya'yansu suna jin Hausa kamar kowa, suna biyan haraji, suna zaɓe. Nawa ne daga cikinsu za su je sakatariyar Fagge su fito da indijin cikin sauƙi? A jihohin Arewa da dama malamin kimiyya ko ma'aikaciyar jinya daga wata jiha a kan kwantiragi ake ɗaukarsu, su shekara ashirin suna koyar da 'ya'yanmu, suna karɓar haihuwar matanmu, su gama ba fansho, ba su taɓa hawa kujerar darakta ba. Wannan ba halin Kano ba ne na asali. Sunayen unguwannin cikin birni kaɗai sun isa shaida: Ayagi ta Yarbawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Duk waɗannan baƙi ne da gari ya haɗiye, jikokinsu yau Kanawa ne ba mai tambaya. Har a Kudu an taɓa ganin irin wannan: a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, shi aka zaɓa magajin garin Inugu na farko.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, duk ƙirƙirar sabuwar jiha ƙirƙirar sababbin baƙi ce. Daga jihohi 12 a 1967 aka koma 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Mutumin Haɗeja a 1966 ɗan gida ne daga Sakkwato har Makurɗi. A 1967 gidansa ya tsuke ya koma Kano. A 1991, da aka yanke Jigawa, ya wayi gari baƙo a ofishin da ya shekara ashirin yana aiki. A 2011 gwamnatin Theodore Orji a Abiya ta sallami ma'aikata sama da dubu don ba 'yan asalin jihar ba ne, alhali mafi yawansu Inyamurai ne 'yan'uwansu daga Imo da Anambara da sauran maƙwabta. Abin ya wuce ƙabilanci a nan, ya zama kowa na tsare tukunyar albashi daga maƙwabcinsa.

Mata su suka fi kowa shan wahala. Ƙa'idar hukumar ta ce matar aure jihar mahaifinta za ta ci gaba da riƙewa wajen rabon muƙaman tarayya. A aikace jihar mahaifin sai ta ce ai kin yi aure kin tafi, jihar mijin kuma ta ce ai ke ba 'yar nan ba ce. A Nuwamban 2012 babbar jojin ƙasa, Aloma Mariam Mukhtar, ta ƙi rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a kotun ɗaukaka ƙara, domin haifaffiyar Anambara ce aka kawo ta a gurbin Abiya, jihar mijinta, inda ta shafe shekaru tana alƙalanci. Sai da majalisar dattawa ta sa baki aka rantsar da ita. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi amincewa da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar jojin jiha saboda asalinta Akwa Ibom ne, jihar da sai a 1987 aka cire ta daga cikin Kuros Riba ɗin. Sai a Fabrairun 2021 ta hau kujerar. Waɗannan manyan alƙalai ne da jaridu suka tsaya musu. Malamar firamare da aka hana ƙarin girma kan wannan dalili ba mai jin labarinta.

To me masu kare tsarin ke cewa? Hujjarsu ba ta wasa ba ce. Ɗan ƙaramar ƙabila a Filato ko kudancin Kaduna zai ce maka: mu 'yan dubbai ne, ba mu da wata ƙasa sai wannan. Bahaushe yana da jihohi da yawa da zai nemi gurbi, Bayarabe haka, Inyamuri haka. Idan aka buɗe ƙofa, masu yawa za su cinye kasonmu a gidanmu, mu kuma ba za a ba mu komai a nasu gidan ba. Sai ya ƙara da tambayar da ke da wuyar amsawa: yaushe Birom ya taɓa zama ciyaman a Kano? Ga kuma tsoron cewa daga aikin gwamnati za a wuce zuwa gonaki da sarauta. Duk gyaran da bai kula da wannan tsoro ba, ba zai kai labari ba. Kuma ba zai yiwu a ce Filato ta buɗe ƙofarta Kano da Inugu da Ibadan su bar tasu a rufe ba.

Amma a tambaya, wa tsarin yake karewa a yau? An kafa shi ne don yaron da ya taso inda makaranta ba ta da malami ya samu shiga. Takardar indijin ba ta auna wannan. Ɗan babban sakatare da aka haifa a Maitama, ya yi karatu a Ingila, bai taɓa zama a ajin da ba rufi ba, shi zai karɓi takardar ƙauyen kakansa ya cike gurbin jihar da aka ce tana baya a ilimi. Ɗan manomin ƙauyen kuwa ko labarin ɗaukar aikin bai ji ba, domin ma'aikatu da yawa kan nemi izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da tallatawa ba. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. A 2023 wani kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki sayar da guraben aiki, kuma a gaban kwamitin wani tsohon ma'aikacin ita kanta Hukumar Raba Daidai ya amsa cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Ita ma indijin ɗin saye ake yi. Mai kuɗi zai iya zama ɗan asalin duk inda gurbi yake, talakan da aka haifa a wurin ne ake ce wa ya kawo shaidar kakansa.

Akwai kuma asarar da jama'a ke yi a bakin tagar ofis da gadon asibiti. Babbar fa'idar cakuɗa ma'aikata ita ce mai zuwa neman biyan buƙata ya tarar da wanda ke jin harshensa, ya san halin unguwarsa. Wannan sani zama ke kawo shi, ba jini ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta tashi a Sabon Gari ta fi iya lallashin tsohuwa Bakanuwa ta sha magani a kan 'yar asalin da ta tashi a Legas ba ta iya haɗa jimla biyu da Hausa. Jihar da ke kukan ƙarancin likitoci da malaman lissafi, sannan ta ce wa wanda ya zo shi baƙo ne har abada, kada ta yi mamaki in ya tattara ya tafi da zarar ya samu wani wurin. Ma'aikacin da ya san asalinsa ne ya kawo shi, shi ma yakan ɗauka mutanensa yake wa aiki, sai fayil ɗin ɗan garinsu ya riga na kowa fita.

An yi ƙoƙarin gyara. Legas ta daɗe tana naɗa waɗanda ba 'yan asalinta ba: Rauf Aregbesola na Osun ya riƙe kwamishinan ayyuka daga 1999 zuwa 2007, Ben Akabueze na Anambara ya riƙe kasafin kuɗi bayan haka. Gwamnatin Nasir El-Rufai a Kaduna ta ce ta daina bambanta ɗan asali da mazauni, ta fito da katin shaidar mazauna jiha, sai dai ma'aikatun tarayya ba su daina tambayar indijin ba. A Maris na 2022 majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurin da zai ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar, mata suka yi ta zanga-zanga a ƙofar majalisa. A 2025 mataimakin kakakin majalisar wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin ba wanda ya shekara goma a wuri matsayin ɗan asali, sukar jama'a ta yi yawa, ya janye.

Ina ganin abin da ke kayar da irin waɗannan ƙudurori shi ne suna ɗaure komai a ƙulli ɗaya. Sarautar gargajiya da ƙasar gado abu ne na al'ada, a bar wa masu shi. Ba wanda ke neman jikan Inyamuri ya zama Sarkin Kano ko Bahaushe ya zama Gbong Gwom, sarkin Birom na Jos. Aikin gwamnati da gurbin makaranta da tallafin karatu kuwa da kuɗin kowa ake yin su, don haka haihuwa a wuri, ko zama na shekaru da shaidar biyan haraji, ya kamata su wadatar. Idan manufar ita ce a ɗaga wanda aka bari a baya, makarantar firamare da sakandaren da mutum ya yi sun fi sunan kakansa nuna ko shi ne. Gyaran kundin tsarin mulki na buƙatar amincewar majalisun jihohi 24, abin da ke da wuya. Amma bayanin wane ne ɗan asali wajen ɗaukar aiki, da maganar jihar matar aure, a cikin ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai suke, kuma hukumar na da kwamishina daga kowace jiha da Abuja, mutum 37, waɗanda za su iya zama su sake rubuta su.